Wasiyyar Tokikuni: Yafiya da Tsira a Tarihin Addinin Buda Bayan an Zubar da Jini

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma tafiyar da nisa, domin za mu leƙa Indiya da Jafan da Kambodiya. Tambayar da za mu bi ita ce: idan aka kashe wa mutum uba ko ɗa ko ɗan uwa, me addinin Buda ya ce ya yi da wanda ya yi kisan, me kuma ya ce game da makomar shi makashin? Ba wa'azin addinin wasu muka zo yi ba. Dalilinmu shi ne duk wanda ya fara rubuta labari a cikinmu ba ya daɗewa sai ya iso wannan gaɓa: an zalunci tauraron labari, an kashe nasa, to sai me? Yawancinmu hanya ɗaya muka sani, wato ramuwa, har muna kafa hujja da cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Ganin yadda wasu al'ummu suka yi ta kokawa da wannan tambaya sama da shekara dubu biyu zai ƙara mana abin faɗa.

Yafiya daban, tsira daban

Kafin mu shiga labari, akwai abin da ya kamata mu warware. A koyarwar Buda ta farko, wadda ta ɓulla a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, babu wani mai ikon goge wa mutum laifinsa. Abin da suke kira karma shi ne duk aikin da mutum ya yi da niyya yana da sakamakon da zai bi shi, ko a wannan rayuwa ko a wata, tunda sun yi imani cewa ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To, kusan haka suke kallon abin.

Wannan yana nufin ko da wanda aka zalunta ya yafe, bai sauke wa azzalumi kayansa ba. Amfanin yafiyar yana komawa ne ga mai yafewa, domin ita ke raba shi da gabar da suke ganin tana iya bin mutane biyu daga haihuwa zuwa haihuwa, yau wannan ya kashe, gobe wancan ya rama. Ita kuwa tsira wani abu ne daban, ita ce fita daga zagayen haihuwa da mutuwa baki ɗaya, abin da suke kira nibbana. Ke nan akwai tambayoyi biyu: ta wanda aka yi wa rashi, da ta wanda hannunsa ya taɓa jini. Tarihin da za mu kawo duk a tsakanin waɗannan biyun yake kai da komo.

Labarai biyu daga Indiya

Tsofaffin littattafansu na harshen Pali sun kawo labarin wani ɗan fashi a ƙasar Kosala, zamanin Sarki Pasenadi, wanda ake kira Angulimala, ma'ana mai sarƙar yatsu, saboda yakan yanke yatsun waɗanda ya kashe ya rataya a wuya. Ya tashi ƙauyuka, ya hana matafiya bin hanya. Labarin ya ce Buda ya bi wannan hanya shi kaɗai, suka haɗu, ɗan fashin ya jefar da makamansa ya shiga zaman zuhudu. Da sarki ya fito da mahaya don kamo shi, sai ya tarar da shi zaune da askakken kai, ya ƙyale shi.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Wata rana Angulimala ya shiga birnin Sawatti bara, kamar yadda masu zuhudu ke yi, sai jifa ya yi ta sauka a kansa, da hoge da sanda da tsingaro. Ya komo da fasasshen kai, jini na zuba, ƙwaryar barar ta fashe, mayafinsa ya yage. Buda bai yi Allah wadai da mutanen gari ba. Ce masa ya yi ya daure, domin abin da zai ɗanɗana na tsawon shekaru a wuta ne yake ɗanɗanawa tun a nan. Wato ko wanda ya kai ga tsira, sakamakon aikinsa bai bar shi ba. A yau ma ƙungiyar da ke kai wa fursunoni mabiya Buda ziyara a gidajen yarin Ingila, wadda aka kafa a 1985, sunan Angulimala take amsawa.

Labari na biyu na ɓangaren wanda aka yi wa rashi ne, kuma yana cikin littafin dokokin masu zuhudu. Sarkin Kasi, Barahmadatta, ya ci ƙasar Sarki Digiti da yaƙi, daga baya ya kama shi da matarsa ya sa aka kashe su. Ana kan hanyar kai shi wurin kisa Digiti ya hango ɗansa Digawu cikin taro, ya yi masa wasiyya a dunƙule cewa gaba ba ta kashe gaba. Yaron ya ɓoye asalinsa, ya shiga aiki a bargar giwayen sarki, sannu a hankali har ya zama na hannun damansa. Ran nan a wurin farauta sarki ya gaji ya ɗora kansa a cinyar yaron ya yi barci. Sau uku Digawu yana zare takobi, sau uku yana mayar da shi kube. Da sarki ya farka ya gane ko wane ne, sai kowannensu ya ba ɗan uwansa rantsuwar ba zai cutar da shi ba, sarki ya mayar masa da ƙasar ubansa. Mu lura cewa yafiyar Digawu ta zo ne lokacin da wuyan maƙiyi ke hannunsa, kuma ta ƙare da mayar da haƙƙi.

Daren 1141 a Mimasaka

Yanzu mu tsallaka Jafan, inda wannan tambaya ta haifar da ɗaya daga cikin manyan ɗarikun ƙasar. A 1133 aka haifi wani yaro mai suna Seishimaru a lardin Mimasaka, wanda yau yake cikin yankin Okayama. Mahaifinsa, Uruma no Tokikuni, jami'i ne mai kula da tsaro a gundumarsu. Akwai jiƙaƙƙa tsakaninsa da wani mai suna Sada-akira, wakilin da ke kula da wani babban gandu a yankin. A 1141 Sada-akira ya kai wa gidan Tokikuni hari cikin dare, aka ji masa raunin da ya zama ajalinsa. Yaron yana da shekara 9 a lissafin Jafanawa na lokacin.

A al'adar mayaƙan wannan zamani, ɗa ba shi da wani aiki da ya wuce ɗaukar fansar ubansa. Amma babban tarihin rayuwarsa, wanda mabiyansa suka tsara cikin naɗi 48 a farkon ƙarni na 14, ya ce Tokikuni ya kira ɗansa yana kan gargara ya hana shi. Ya nuna masa cewa abin da ya same shi sakamakon ayyukansa ne na baya, kuma idan ya rama, 'ya'yan wancan ma za su rama, haka za a yi ta yi ba iyaka. Ya umarce shi ya bar gida ya shiga zuhudu, ya roƙa wa uban nasa tsira, shi ma ya nemi tasa.

A matsayinmu na masu koyon rubuta tarihi, ya kamata mu san cewa akwai wata tsohuwar ruwaya da ta ce an kashe uban ne bayan yaron ya riga ya tafi karatu. Ruwayar wasiyya ita ce ta yi rinjaye, ita ce kuma ake karantar da yara har gobe. Abin da ruwayoyin suka haɗu a kai shi ne an kashe uban, ɗan kuma bai rama ba.

An fara kai yaron wurin kawunsa Kangaku, wanda ke riƙe da wani gidan ibada. Daga nan, yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya hau Dutsen Hiei da ke arewa maso gabashin Kiyoto, cibiyar ilimin addinin Buda mafi girma a Jafan a wancan lokaci. Abin da ya tarar bai yi masa daɗi ba. Manyan muƙamai na 'ya'yan sarauta ne, gidajen ibada suna da gandaye da dakarunsu masu ɗauke da makamai, suna sauka birni su tilasta wa fada abin da suke so. A 1150 ya janye zuwa wani kwari mai suna Kurodani, wurin malami Eiku, inda ya sami sunan da duniya ta san shi da shi, wato Honen.

Shekara ashirin da biyar ya yi a wannan kwari yana karatu. Damuwarsa ita ce hanyoyin tsira da aka sani duk na masu hali ne: gina ɗakin ibada, sassaƙa gumaka, kwafar littattafai, kiyaye ɗaruruwan dokoki, dogon zaman tunani. To ina makomar masunci, wanda abincinsa ya dogara ga kashe rai, alhali dokar farko ta addinin ita ce kada a kashe mai rai? Ina makomar soja, da matar da talauci ya jefa karuwanci, da manomin da bai iya karatu ba? Ga shi kuma Jafanawa sun yi imani cewa tun 1052 duniya ta shiga zamanin lalacewar addini, wanda suke kira mappo, lokacin da ƙoƙarin mutum ba zai iya kai shi ko'ina ba.

A 1175 Honen ya ce ya sami amsa a cikin sharhin wani malamin ƙasar Sin mai suna Shandao, wanda ya rayu daga 613 zuwa 681. A koyarwar, akwai wani Buda mai suna Amida da ya ɗauki alkawura 48, na 18 a ciki shi ne duk wanda ya kira sunansa da gaskiya za a haife shi a Tsarkakakkiyar Ƙasa da ke yamma, inda hanyar tsira ba ta da shamaki. Honen ya ajiye sauran ibadu ya riƙe wannan kaɗai, wato maimaita kalmar Namu Amida Butsu, abin da ake kira nembutsu. Littafin da Shandao ya yi wa sharhi ma a kan jinin cikin gida aka gina shi: Yarima Ajatasattu ne ya kulle ubansa Sarki Bimbisara don yunwa ta kashe shi, ya kuma tsare uwarsa Wedehi da ta riƙa kai masa abinci a ɓoye. Wannan uwa ce ta roƙi Buda ya nuna mata wata duniyar da babu irin wannan baƙin ciki.

A nan aka sami babban sauyi. A da mutum ne ke ceton kansa da ƙoƙarinsa. Honen ya ce a dogara ga ƙarfin wani. Idan kuwa haka ne, ƙofar da aka buɗe wa Tokikuni ita aka buɗe wa Sada-akira. Yaron da aka hana ramuwa ya ƙare da koyarwar da ta bai wa makashin ubansa gurbi.

Mayaƙin da ya zo da jini a hannu

Ba a daɗe ba aka jarraba wannan koyarwa. Daga 1180 zuwa 1185 Jafan ta faɗa yaƙin basasa tsakanin gidan Taira da gidan Minamoto. A 1184, a yaƙin Ichi-no-Tani kusa da birnin Kobe na yau, wani mayaƙin Minamoto mai suna Kumagai Naozane ya kashe wani saurayi ɗan gidan Taira mai suna Atsumori, ɗan shekara 16 ko 17.

Littafin Heike Monogatari, wanda makafin mawaƙa suka riƙa rerawa da molonsu mai suna biwa, ya ba da labarin dalla-dalla. Kumagai ya hango mahayi ya kutsa teku zai cim ma jiragen ruwan danginsa, ya yi masa kirari ya komo. Suka yi kokawa a bakin gaɓa, ya kayar da shi, da ya cire masa hular ƙarfe sai ya ga yaro ne tsaran ɗansa, wanda aka ji wa rauni da safiyar ranar. Ya so ya sake shi, sai ya waiwaya ya ga mahayan ɓangarensu sun tunkaro. Ya ga idan bai kashe shi ba wani zai kashe, gara shi da zai yi masa addu'a. Ya sare shi yana kuka. Da ya duba jikinsa sai ya sami sarewa a cikin jaka, ya tuna da busar da suka ji daga sansanin abokan gaba da asuba. Littafin ya ce daga nan zuciyarsa ta karkata ga zuhudu.

To amma kundin gwamnatin Kamakura mai suna Azuma Kagami wani dalili ya kawo. Ya ce a 1192, shekara takwas bayan yaƙin, Kumagai ya yi shari'ar iyakar gona da wani ɗan uwansa mai suna Kuge Naomitsu a gaban shugaba Minamoto no Yoritomo. Shi gwanin takobi ne, ba gwanin baki ba. Ya kasa kare kansa, ya fusata, ya watsar da takardun, ya zare wuƙa ya yanke gashin kansa ya fice. Wane ne gaskiya, saurayi mai sarewa ko rigimar gona? Mai yiwuwa duka biyun, domin mutum yakan ɗauki kaya shekaru, sannan wani ƙaramin abu ya sa ya dire.

Abin da aka tabbatar shi ne ya zama almajirin Honen, ya ɗauki sunan Rensei. Tarihin Honen ya ce da ya zo ya tambaya ko mai laifi irinsa yana da mafita, sai aka ce masa ya kira sunan Amida kawai, babu wani sharaɗi. Ya fashe da kuka, ya ce shi ya zo ne da shirin a ce sai ya yanke hannuwansa ko ya ba da ransa. Bayan kimanin shekara ɗari biyu, marubucin wasan kwaikwayo Zeami ya ɗauki labarin ya rubuta wasan Atsumori, inda Rensei ya koma bakin tekun ya haɗu da fatalwar yaron. Fatalwar ta ɗaga takobi, sai ta ga mutumin nan addu'a yake yi mata, ta sauke, wasan ya ƙare da fatan za a haife su wuri guda. Mu lura, sai da marubuci ya tayar da mamacin kafin a sami wanda ke da hurumin yafewa.

Masu suka ma suna da hujja

Wannan sauƙi bai yi wa kowa daɗi ba, kuma ba hassada ce kawai ba. Masu suka sun tambaya: idan kalma ɗaya ta wadatar, me zai hana mutum ya yi ta ɓarna yana maimaita ta? Kuma an sami wasu mabiyan da suka fahimci abin haka. A 1204 malaman Dutsen Hiei suka kai ƙara, Honen ya rubuta alkawari mai sharuɗɗa bakwai yana jan kunnen almajiransa. A 1205 babban gidan ibada na Kofukuji da ke Nara ya kai tasa ƙarar. A 1207, bayan wasu mata biyu na fadar tsohon sarki Go-Toba sun shiga zuhudu ba da izininsa ba a wurin taron almajiran Honen, aka haramta koyarwar, aka kashe almajirai huɗu, ciki har da Juren da Anraku. Shi Honen, yana da shekara saba'in da 'yan kai, aka kore shi zuwa tsibirin Shikoku. Almajirinsa Shinran kuma aka tura shi Echigo.

Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, ya ƙara zurfafa maganar, har ya nuna cewa mai laifi shi ne ainihin wanda aka yi alkawarin dominsa, tunda shi ya san ba shi da abin taƙama. Amma ya gargaɗi masu fakewa da wannan, ya kwatanta su da mai shan guba don ya ji akwai makari. An bar Honen ya komo Kiyoto a 1211, ya rasu a 1212. A 1227 dakarun Dutsen Hiei suka kai wa kabarinsa hari, almajirai suka ɗauke gawar cikin dare, daga baya aka ƙona ta a wurin ibadar da ake danganta kafuwarsa ga Kumagai. A yau ɗarikun da suka fito daga Honen da Shinran suna cikin mafi yawan mabiya a Jafan.

Kambodiya: lokacin da rashin ya shafi kowa

Labarin Honen na gida ɗaya ne. A Kambodiya ƙasa ce sukutum. Daga 17 ga Afrilu 1975 zuwa 7 ga Janairu 1979, gwamnatin Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot ta yi sanadin mutuwar mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar, ta hanyar kisa da yunwa da aikin tilas. An rufe gidajen ibada, an tuɓe wa masu zuhudu mayafansu, an kashe da yawa.

Wani malami mai suna Maha Ghosananda yana zaman kaɗaici a dajin kudancin Tailan lokacin da abin ya faru, kuma danginsa kaf sun halaka. Da 'yan gudun hijira suka fara kwararowa bakin iyaka, sai ya je sansanonin, ya kafa ɗakunan ibada na gora, ya riƙa raba takardun da ke ɗauke da koyarwar Buda kan jin ƙai. Ya riƙa karanta musu wannan ma'ana da Digiti ya bar wa ɗansa, a sansanonin da waɗanda aka zalunta da tsofaffin dakarun Khmer Rouge ke kwana kusa da juna.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris a 1991, ya fara tattakin da ake kira Dhammayietra. Na farko a 1992 ya tashi daga iyakar Tailan zuwa Phnom Penh, tare da 'yan gudun hijirar da suka yi shekaru ba su taka ƙasarsu ba, ta hanyoyin da ke cike da nakiyoyi. Mutanen ƙauye sukan fito bakin hanya da bokitin ruwa don a yi musu addu'a a yayyafa musu. Na 1993 ya zo gab da zaɓen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya, lokacin da ake tsoratar da masu jefa ƙuri'a. A na 1994 musayar wuta ta rutsa da masu tattakin a yammacin ƙasar, aka kashe masu zuhudu biyu, mace da namiji, sauran suka ci gaba da tafiya. Ghosananda ya sha bayyana cewa sulhu ba ya nufin mutum ya sarayar da haƙƙinsa. Ya rasu a Amurka a 2007.

Maganar haƙƙi kuwa ta ɗauki lokaci. Pol Pot ya mutu a 1998 ba tare da ya tsaya gaban kotun ƙasa da ƙasa ba. Kotun musamman da aka kafa da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya mutum uku kacal ta yanke wa hukunci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Duch, shugaban kurkukun S-21, inda sama da mutum 12,000 suka shiga ba su fito ba. A shari'arsa a 2009 ya amsa laifi ya roƙi iyalai su yafe masa, amma a ranar ƙarshe sai ya nemi a sake shi. Da yawa daga iyalan sun ƙi yafewa, kuma mabiya Buda ne. An yi masa ɗaurin rai da rai a 2012, ya mutu a 2020. Har ƙasusuwan mamatan sai da aka yi jayayya a kansu: Sarki Sihanouk ya nemi a ƙona su bisa al'ada don mamatan su huta, gwamnati ta ce a bar su a hasumiyar Choeung Ek su zama shaida.

Kada kuma mu ɗauka cewa koyarwa ita ce halin mabiya. Mun ga dakarun Dutsen Hiei. A zamaninmu, a Miyanma, an sami masu zuhudu irin su Wirathu da suka yi ta hura wutar ƙiyayya ga Musulmi, kuma daga Agustan 2017 sama da 'yan Rohingya 700,000 suka tsere Bangaladash saboda farmakin sojoji. Marubucin tarihi na gaskiya zai ajiye Ghosananda da Wirathu a shafi ɗaya, ya bar mai karatu ya ga duka biyun.

Abin da ya rage gare mu

Ramuwa tsohon jigo ne a adabinmu. Tun shekarun 1930 littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya nuna yadda fansa ke sauka a kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yau kuma masu karanta mu da yawa sun binne nasu sakamakon hare-hare, wasu ma ba su ga gawar ba. Idan muka yi wasa da wannan jigo, su za su fara ganewa.

Tarihin nan ya nuna mana cewa yafiya tana cin lokaci. Tsakanin daren da aka kashe Tokikuni da ranar da Honen ya ce zuciyarsa ta natsu, shekara 34 ne. Mu kuwa sau da yawa a babin ƙarshe muke tara kowa a falo, mugu ya durƙusa, a ce an yafe duniya da lahira, a rufe littafi. Ya kuma nuna mana cewa tuba ba ta share sakamako: Angulimala ya tuba, amma ya komo da fasasshen kai. Mugun labarinmu ma idan ya shiryu, a bar shi ya shiga kasuwa ya ga yadda ake kallonsa.

Sai kuma muryoyin da aka bari a baya. Tsohon labarin Angulimala bai ba mu sunan ko mutum ɗaya daga masu jifan ba, alhali wataƙila a cikinsu akwai wadda yatsan ɗanta ke cikin sarƙar. Labarin Honen ya bi ɗan zuwa Dutsen Hiei, ya bar uwar da ta rasa miji ta kuma rabu da ɗanta tilo. A irin waɗannan guraben ne marubuci ke samun labarin da ba a riga an rubuta ba. Kuma idan tauraruwarmu ta ce ba za ta yafe ba, kamar iyalan da suka zauna a kotun Duch, kada mu mayar da ita muguwa don mu sami ƙarshe mai daɗi.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa: a rubuta shafi ɗaya da muryar ɗaya daga cikin mutanen Sawatti, ranar da ya ga wanda ya kashe masa ɗan uwa ya tsaya a ƙofar gidansa da ƙwaryar bara. Ya jefa, ko ya zuba abinci, ko ya rufe ƙofa, wannan ya rage ga marubuci, amma a nuna mana dalilinsa. Muna jiran rubuce-rubucenku da gyararrakinku a ƙasa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.